Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen mahaɗin raba nauyi na tirelar tafiya

Tirelar tafiya ɗan gida ne mai tayoyi da ake ja da mota. Da zarar an ɗora hancinta, wato ƙarfen da ya miƙo a gabanta, a kan ƙwallon ƙarfe da ke bayan mota, sai bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga. Sitiyari ya yi sako-sako, birki ya rage kamu, fitilu kuma su koma haska idon masu tahowa. Maganin wannan shi ne mahaɗin raba nauyi: sandunan sifirin guda biyu da ake ɗaurewa tsakanin mahaɗin da hancin tirela, su maida wani kaso na nauyin kan tayoyin gaban mota, wani kuma kan tayoyin tirelar. Aikin ba shi da sarƙaƙiya, amma wajen saye ne mutane ke tafka kuskure.

Babban kuskuren shi ne yin lissafi da nauyin da aka rubuta a takardar talla. Wannan nauyin tirela ce ba komai a cikinta: ba ruwa, ba tukunyar gas, ba tufafi, wani lokacin har batir ba ya ciki. Kai kuwa ba haka za ka ja ta ba. A ce takarda ta ce kilo 2,200. Ka cika tankin ruwa mai lita 150, kilo 150 ke nan. Ka ɗora gas da batir, waɗanda galibi a kan hancin suke zama, sannan kayan girki da na kwanciya, kafin ka ankara ta kai 2,800. Ƙa'idar da aka sani ita ce nauyin hanci, wato nauyin da yake dannawa a kan ƙwallo, ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da lodinta, don haka a nan ana maganar wajen kilo 350.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk kayan da ka zuba a cikin mota a bayan tayoyin baya, su ma sandunan ne za su ɗauka. Janareta da akwatin kayan aiki, a ce kilo 90, jimilla 440, wato laba 970 ko kusa da haka. Da laba ake rubuta ƙarfin sandunan: 600, 800, 1,000, 1,200. Wanda ya dogara da takardar talla zai sayi na 600 ya dawo gida yana murna, alhali na 1,000 yake bukata. Gyaran kuwa ɗaya ne: ka yi lodi kamar yau za ka kama hanya, ka je sikelin manyan motoci, ko ka nemi ƙaramin sikelin auna hanci. In hakan bai samu ba, ka yi lissafi da lambar da ke gaban haruffan GVWR a jikin tirelar, wato iyakar nauyin da aka yarda ta kai.

Akwai kuma masu cewa gara a sayi mafi ƙarfi a huta. Ba hutu a ciki. Sandar da ta fi ƙarfin lodinta ba ta lanƙwasa yadda ya kamata, kowane rami sai ka ji shi a ƙugunka, kuma ƙarfen hancin tirelar ne ke shan wahalar a ɓoye. Ka nemi wadda nauyin da ka lissafa ya faɗa a cikin zangon da aka rubuta mata, ba can ƙasa da shi ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ganin mahaɗin ya ƙara wa motarsa ƙarfi. Raba nauyi yake yi, ba ya rage ko kilo ɗaya, hasali ma shi kansa yakan kai kilo 30 ko fiye. Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, ita ce ke faɗin iyakar abin da motar za ta ɗauka. Fasinjoji da kaya da nauyin hanci da mahaɗin, duk daga cikin wannan lambar ake cire su. Ka leƙa littafin motar ma, domin wasu kamfanoni sun hana amfani da irin wannan mahaɗi a wasu motocinsu, haka ma wasu tireloli masu siririn hanci.

Girman ƙwallo kuwa magana ce gajera: yawanci inci 2 ne ko 2 da 5/16, kuma a rubuce yake a jikin bakin da ke kama shi. Kada ka yi kirdado.

Sai batun lilo. Mutane da yawa sun ɗauka raba nauyi da hana tirela kaɗa wutsiya abu ɗaya ne. Wasu mahaɗan, irin su Equal-i-zer, sun zo da duka biyun. Wasu kuma sai ka ƙara sandar guga daban, mai rage lilo ta hanyar gugar ƙarfe, wadda aka saba sassautawa ko cirewa kafin a yi ribas mai tsananin kwana, ko idan hanya tana santsi. Amma idan lodin ya taru a bayan tirela har hanci ya gaza kashi 10, ba na'urar da za ka dogara da ita. Sauko ka matsar da kaya gaba.

Ko ka sayi daidai, saitin da aka yi da ido kan ɓata komai. Tef ɗin awo kawai kake bukata da fili mai shimfiɗe. Auna daga ƙasa zuwa bakin jikin mota da ke saman tayar gaba, sau uku: kafin a haɗa tirela, bayan an haɗa ba sanduna, sannan bayan an ɗaure su. A ce ka samu santimita 90, sai 93. Wasu masu ƙera motoci na so a dawo da rabin tazarar, wato 91.5, wasu kuma gaba ɗaya, littafin motarka ne zai raba gardama. Kada dai gaban ya sauka ƙasa da 90, domin a nan ka ƙwace wa tayoyin baya kamunsu. Tirelar kuma ta tsaya daidai, ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan.

Wajen ɗaura sandunan ko kwance su, kada ka yi kokawa da ƙarfe. Bar tirelar a kulle da ƙwallo, ka ɗaga hancin da jak har bayan motar ya taso, sai ka ga sarƙar da ke riƙe sandar, a mahaɗan da ke da ita, ta shiga ba gumi. Wanda ya kwance ta tana ɗaure tamau, ƙarfen kwancewa da yake riƙe da shi kan fizge ya doke shi a gwiwa ko ƙafa.