Kurakuran da iyaye ke yi wajen zaɓen littafin Latin ga yaran da ke karatu a gida

A Amurka da Ingila akwai iyaye da yawa da suke karantar da 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta, kuma wasunsu suna sa Latin, harshen Rumawa na da, a cikin darussan tun yaro yana ƙarami. 'Yan uwanmu mazauna can da suka bi wannan hanya sukan tarar da tulin littattafai, kowanne da masu yabonsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne yaran da ake cewa sun kasa Latin, alhali littafin da aka ɗora musu ne bai dace da su ba, ko bai dace da mai koyar da su ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen littafi don sunansa ya shahara. Ana tambayar littafin Latin, sai a ce Wheelock. Littafi ne mai kyau ƙwarai, amma Frederic Wheelock ya fitar da shi ne a 1956 domin ɗaliban jami'a, babi 40, kuma kowane babi yana sauke wa mai karatu nahawu mai nauyi a lokaci guda. Yaro ɗan shekara tara ba zai iya wannan gudu ba. Idan yaron bai wuce shekara goma ba, akwai Minimus na Barbara Bell, wanda ya fito a 1999, labarin wani ɗan ɓera ne da ke zaune da wani iyali a sansanin Vindolanda kusa da katangar Hadrian, wadda Rumawa suka gina a arewacin Ingila. Akwai kuma Song School Latin mai koyar da kalmomi ta hanyar waƙa, da Prima Latina. Sai dai a sani waɗannan ɗanɗano ne kawai, kada a yi shekara uku a kansu ana ganin yaro ya yi nisa. Wheelock kuwa a ajiye shi sai yaro ya kai sha biyar ko sha shida, ko kuma uwa da uba su riƙe shi don kansu.

Wanda ya fi wannan illa shi ne mantawa da mai koyarwa. Yawancin iyaye ba su taɓa karanta Latin ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne, amma dole zaɓin littafi ya fara daga nan. Ɗauki Familia Romana na Hans Ørberg, malamin nan ɗan ƙasar Denmark. Babi 35 ne, kuma daga jimlar farko, "Roma in Italia est", har ƙarshe babu kalma ɗaya ta wani harshe a ciki; hatta bayanin nahawun da Latin aka yi shi. A wurina babu littafin da ya kai shi sa yaro ya karanta Latin kai tsaye ba tare da ya juya kowace kalma zuwa Turanci a ransa ba. To amma babukan farko suna da sauƙin da ke yaudarar mutum. Ana ratsawa cikin littafin sai kalmomi su yi yawa, yaro ya fara cinta, uwar kuma ba ta da yadda za ta gane cewa cinta yake yi. Wanda zai yi amfani da shi ya nemi littafin bayanin da ake sayarwa tare da shi da littafin atisaye, ko ya haɗa da malami ta intanet ko da sau ɗaya a mako. Wanda ba zai samu wannan ba, ya fara da abin da aka rubuta don wanda bai san komai ba, irin Getting Started with Latin na William Linney, mai gabatar da abu ɗaya a kowane darasi, da amsoshi a bayansa. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya: akwai littafin amsoshi? Akwai jagoran malami? Akwai murya ko bidiyo da za a saurara? Sau da yawa daban ake sayar da su, mutum ya sayi littafin ɗalibi kaɗai don rage kuɗi, ya makale a mako na huɗu.

Sai batun da aka daɗe ana jayayya a kai, wato hadda ko karatu. Littattafai irin First Form Latin na kamfanin Memoria Press da littafin Robert Henle suna farawa da jadawali: yaro ya haddace ƙarshen sunaye da aikatau, ya riƙa rerawa kullum da safe. Cambridge Latin Course kuwa, wanda ya fara fitowa a 1970, labari yake sa wa a gaba, yaro ya bi gidan Caecilius a birnin Pompeii har ranar da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta a shekara ta 79 miladiyya. Kuskuren shi ne riƙe ɓangare ɗaya a yi watsi da ɗayan. Latin harshe ne da ƙarshen kalma ke nuna aikinta a jimla, kamar yadda ɗalibin Larabci yake gane fa'ili da maf'uli ta i'irabi. "Puella nautam videt" na nufin yarinya tana ganin matuƙin jirgin ruwa. "Puellam nauta videt" kuwa matuƙin jirgin ne ke ganin yarinya, ga shi kalmomin ba su motsa daga wurarensu ba. Yaron da aka bari da labari zalla zai bi jerin kalmomi ya fassara jimlolin biyu iri ɗaya, kuma zai daɗe yana tsira da haka har ranar da jimloli suka yi tsawo. Wanda aka bari da hadda zalla zai rera maka rukunan sunaye biyar ba gargada, ka ba shi sakin layi guda ya tsaya yana kallonka.

Gyaran ba ya buƙatar sabon tsari. Idan littafinku na hadda ne, ku ware kwana ɗaya ko biyu a mako don karanta labari mai sauƙi da ƙarfi, kuma babukan farko na Ørberg sun isa wannan aikin. Idan na labari ne, ku ɗauki minti biyar kafin kowane darasi ku maimaita jadawalin da ke bayan littafin, sannan a cikin karatun ku riƙa tsayar da yaron kuna tambayarsa: wa ya yi aikin, me ya nuna maka? Idan amsarsa ita ce "shi ne a farko", to akwai sauran aiki.

Lafazi ma yana rikita mutane fiye da yadda ya kamata. Iri biyu ne: na zamanin Rumawa da na coci. A na farko harafin c kullum k ne, v kuma w, don haka sunan marubucin Rumawa Cicero "Kikero" ne. A na coci, c kafin e ko i tana fita kamar c ta Hausa. Memoria Press na coci suke bi, Cambridge na Rumawa, littafin Latin for Children kuma yana ba da duka biyun. Ku zaɓi ɗaya, ku tabbata faifan muryar da kuka saya ya yi daidai da shi. Ku kuma nemi bugun da ke sa ɗan layi a saman dogon wasali. Yaron da ke jin Hausa kunnensa ya riga ya saba bambanta dogon wasali da gajere, kuma wannan zai yi masa rana idan ya zo karanta waƙoƙin Vergil, mawaƙin Rumawa.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba sai littafi ya iso gida. Da yawa daga cikin manhajojin nan don iyalan Kirista aka rubuta su. Robert Henle limamin Katolika ne, kuma jimlolin atisayensa sun haɗa yaƙe-yaƙen Julius Kaisar, jagoran yaƙin Rumawa, da koyarwar coci. Prima Latina da Latina Christiana suna sa yaro haddar addu'o'i da Latin. Ga iyalin da ke son haka, alheri ne. Iyalin Musulmi kuwa gara su sani tun kafin su saya, domin cire addu'o'in daga baya yana barin giɓi a darasin. Cambridge ba na coci ba ne, amma akwai allolin Rumawa da bayi da filin da ake kashe juna don nishaɗin 'yan kallo, kuma yaro zai yi tambaya a kansu. Mafi yawan kamfanonin suna sa samfurin darussa kyauta a shafukansu, a buɗe a karanta na tsakiyar littafi, kada a tsaya a na farko.

Yawan sauya littafi shi ma yana cinye shekaru. Kowace manhaja da jerin da take bi da kalmomin da ta zaɓa: Henle kalmomin sojoji ne da sansani, Cambridge na gida da kasuwa. Duk lokacin da aka sauya, yaro ya koma baya. Idan abu ya yi tsauri, yawanci gudu ne ya yi yawa. A raba darasi ɗaya zuwa mako biyu, a yi minti ashirin kullum maimakon awa biyu ranar Asabar. Sai an yi zango guda cikakke a haka ba a ga canji ba sannan a yi maganar wani littafi.

Wanda yake son yaronsa ya fita da takardar shaida kuma ya duba jarrabawar tun da wuri. A Ingila hukumomin OCR da Eduqas suna shirya GCSE na Latin, wato jarrabawar 'yan sakandare, kowacce da jerin kalmomin da take buƙata da nassoshin da za a karanta, kuma yaron gida sai an nema masa cibiyar da za ta karɓe shi ya zauna a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, wanda ba kowace makaranta ce ke yarda ba. A Amurka akwai National Latin Exam da ake yi duk shekara mataki-mataki, yaran gida ma suna shiga, kuma tana tambaya a kan tarihin Rumawa da tatsuniyoyinsu ban da nahawu. Idan littafinku bai taɓo waɗannan ba, ku sauke manhajar jarrabawar, ku jera ta kusa da jerin babukan littafin, ku ga abin da za ku ƙara kafin lokacin rajista.