Yadda ake yinin kallon namun daji ba tare da an dawo hannu rabbana ba

Mutum zai biya kuɗin jirgi, ya biya masauki, ya biya kuɗin shiga gandun daji, wanda a Masai Mara ta ƙasar Kenya aka mayar dala 200 a rana ga baƙo daga Yuli zuwa Disamba tun 2024, sannan ya dawo yana ƙorafin bai ga komai ba sai jakunan dawa da bareyi. Dajin ba shi da laifi. Yawancin sababbin zuwa suna ɓata yininsu ne tun kafin ƙarfe tara na safe, wasu da makara, mafi yawa da gaggawa. Batun biza da katin rigakafin shawara da maganin zazzaɓin cizon sauro ba zan tsaya a kai ba, wannan tun a gida ake gama shi.

Tun da dare ake fara shiri. Bayan cin abinci ka zauna da direbanka, wanda shi ne kuma ɗan jagoranka, ka ce masa da an buɗe ƙofar gandun ƙarfe shida kake so ku fita, kuma a ƙulle muku karin kumallo ku tafi da shi. Masaukai sun saba da wannan, amma sai an faɗa musu da wuri. Ka gaya masa dabba ɗaya ko biyu da ka fi ƙwallafa rai a kai. In ka ce masa "komai ma", zai bi ayarin sauran motoci ne kawai don ya sauke nauyi.

Ka ɗauki rigar sanyi, kada sunan Afirka ya ruɗe ka. Masai Mara tana bisa tudu, sama da mita 1,500 daga doron teku, bakin ramin Ngorongoro a Tanzaniya kuwa ya haura mita 2,000, ga mota buɗaɗɗiya tana keta iskar asuba. Tufafi su zama ruwan ƙasa ko kaki. Baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo ƙudan tsando, musamman a gandu irin Tarangire na Tanzaniya, fari kuma ƙura za ta rina shi kafin azahar. Sai madubin hangen nesa, kowa da nasa, mai lamba 8x42 in da hali. Abin mamaki, za ka ga mutum ya zuba kuɗi a kyamara mai dogon hanci amma su huɗu suna karɓa-karɓar madubi ɗaya. In aljihu bai kai duka biyun ba, ka sayi madubin, wayarka ta ishe ka hoto.

Dalilin sammako ba ɓoyayye ba ne. Zaki yakan kwashe kusan sa'a ashirin a kwance, harkarsa ta dare ce da sanyin safiya. A sa'o'i biyun farko ne za ka tarar da kura tana komawa rami, dorina tana gangarawa ruwa bayan kiwon dare, damisa ba ta riga ta ɓuya ba. Wanda ya tsaya shan shayi a masauki har ƙarfe takwas, zakin da zai gani shi ne wanda ya miƙe ƙafa a gindin ƙaya, kunne kawai yake motsawa.

To, yanzu ga inda ake faɗuwa. An ga zaki, mota ta tsaya, kowa ya ɗaga waya, ƙyas ƙyas, minti uku bai cika ba wani ya ce, "Direba, mu je, saura damisa." Haka za a yi ta yi kamar mai zagayen kasuwa da takardar cefane: zaki, giwa, ɓauna, damisa, karkanda, a soke wannan a nufi wancan. A ƙarshe an ga dabbobi amma ba a ga suna yin komai ba. Sauri ya haifi nawa.

Dokata ita ce: in ka samu mai cin nama a farke da safe, ba ka barin wurin ƙasa da rabin sa'a. Ka sa direba ya tsaya ta yadda rana za ta kasance a bayanka, ya kashe inji. Ka ajiye waya tukuna, ka duba cikin dabbar. Rabbi, wato mai kama da damisan nan da ya fi kowace dabba gudu a ƙasa, in ya hau kan suri, cikinsa a shafe, yana ta waige-waige, yunwa yake ji, kuma shi da rana yake farauta, ba kamar zaki ba. Wannan ko sa'a biyu ce ka zauna masa, domin gudunsa in ya tashi ba ya kai minti ɗaya, wanda ya juya baya ya rasa. In kuwa cikin ya yi tulu, gashin baki da jini, an gama, ka yi gaba. Garken zakuna da suka fara hamma, suna miƙa, suna lasar juna, tashi za su yi. In zakanya ɗaya ta miƙe ta kafa ido wuri guda, kunnuwa a gaba, kada wanda ya yi tari.

Sannan ka koyi kallon waɗanda ake ci, don su ne masu tona asirin mai ci. Garken bareyi da ke kiwo kai a ƙasa, lafiya lau. Amma in duk sun daina ci, sun ɗaga kai gefe guda, wasu suna huci ta hanci suna buga ƙafa, ka bi layin idonsu da madubinka a hankali, ciyawa bayan ciyawa. Birai in sun haye ƙololuwar bishiya suna haushi, ko zabin daji suka ɓarke da kwarmato ba ji ba gani, akwai abin da ke tafiya a ƙasa. Ungulaye kuma suna ruɗin mutane. Shawaginsu can sama ba ya nufin komai, iska mai ɗumi suke hawa. Abin lura shi ne in suna sulalowa ƙasa ɗaya bayan ɗaya da ƙafafu a sake, ko sun cika bishiya guda sun ƙi sauka. Wannan na biyun ya fi daɗi, domin yana nuna mai naman yana nan bai tashi ba.

Damisa kuwa ba a neman ta gaba ɗayanta, ba za ka gan ta ba. Wutsiya ake nema, ko ƙafa, tana reto daga reshe. Ka riƙa bin manyan rassan bishiyoyin bakin rafi da ido, irin na kwarin Seronera a tsakiyar gandun Serengeti na Tanzaniya, inda aka san su da yawa. Wani lokaci ƙafar barewa za ka fara hangowa a saƙale a sama, don takan haye da namanta saboda kura da zaki. In ka ga haka, ko ba ta nan, za ta dawo.

Haƙurin nan ya fi tsanani ga masu zuwa ganin tsallaken kogin Mara, tsakanin Yuli da Oktoba, lokacin da dabbobin nan masu gemu da ake kira nyumbu, fiye da miliyan ɗaya, ke kai-komo tsakanin Serengeti da Masai Mara. Garke zai taru a gaɓa, ya cika, ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa, sa'a uku ana abu ɗaya, wani lokaci ma ya fasa. Direban kirki yakan tsaya nesa sai na farko sun faɗa ruwa sannan ya matsa. In ka matsa wa naka ya je bakin gaɓa da wuri, kai ne za ka kore su, ka jawo wa kanka harara daga kowace mota.

Za ka ji rediyon direba tana ta surutu da Swahili, direbobi ne ke sanar da juna abin da aka gani. Tana da amfani, amma duk abin da aka shelanta, mota ashirin za ka tarar a kansa. Ni dai in na hango cincirindo, gara a juya a nemi wani kwarin.

Cikin mota kuma a zauna a nutse. Dabbobin sun saba da mota a matsayin abu guda da ba ya cutarwa, da ka zuro jiki waje ko ka yi tafi don zaki ya waigo, ka fito a mutum. Ba a sauka sai inda aka keɓe, ko da fitsari ne sai direba ya zaɓi fili ya duba. Giwa mai ɗa a ba ta hanya, toron da ruwa ke tsiyaya daga gefen kansa kuma a yi nesa da shi, lokacin zafin kansa ne. Kada ka lallaɓi direba ya sauka daga hanya don hoto, shi za a ci tara. Mai tuƙa kansa a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, inda aka yarda da hakan, iyakar gudu kilomita 50 ne a kwalta, 40 a burji, amma duk wanda ya wuce 25 tuƙi yake yi ba kallo ba.

Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa la'asar babu abin kirki. Ka koma masauki ka ci ka kwanta, ko in rani ne ku fake a inuwa kusa da tafki, giwaye da raƙuman dawa za su zo da kansu. Ƙarfe huɗu a sake fita, a fara da inda aka bar zakuna ko naman damisa da safe. Ka lura da agogo, ana rufe ƙofa wajen faɗuwar rana kuma wanda ya makara za a ci shi tara. Da dare ka sa batura a caji da wuri, don wasu sansanonin suna kashe wuta. Tukuicin direba yawanci dala 10 zuwa 20 ne a rana, a hannunsa ake ba shi ranar rabuwa.