Yadda ake raba gwaji ta hanyar ƙuri'a, da yadda ake auna rabon sa'a a cikin sakamako

Ɗalibin da ya fara darasin ƙididdiga, a Jami'ar Jos yake ko a wata kwaleji, yakan cakuɗa abu biyu: ɗibar samfuri da rabon gwaji. Ɗibar samfuri ita ce zaɓen waɗanda za a tambaya daga cikin jama'a mai yawa. Rabon gwaji kuwa shi ne yanke wanda zai samu sabon abu da wanda zai zauna a kan tsohon, cikin waɗanda suka riga suka shigo hannunka. A duka biyun ana jefa ƙuri'a ne domin a cire hannun mai bincike. Sai dai ƙuri'a son rai kawai take kawarwa, ba ta kawar da sa'a, kuma wanda bai auna sa'ar ba zai ɗauke ta a matsayin sakamakon aikinsa. Malami zai iya nuna wannan cikin darasi biyu da wake, takarda da jaka.

Mataki na farko: a bar ɗalibai su ga samfuri yana hawa da sauka

A ƙirga ƙwayar farin wake 1,000, a shafa wa 400 jar tawada, a bari su bushe. Kada a haɗa farin wake da jan wake na kasuwa, domin girmansu ba ɗaya ba ne, kuma yatsa ya fi kama manya. A zuba duka a jaka mai duhu a girgiza sosai. Yanzu kowa ya san gaskiyar abin da ke ciki: kashi 40 cikin 100 ja ne.

Kowane ɗalibi ya sa hannu ba tare da leƙawa ba, ya ɗebi ƙwaya 25, ya ƙirga jajaye, ya rubuta a allo, ya mayar da waken, a sake girgizawa kafin na bayansa. Lissafi ya ce a samu 10. To amma wani zai samu 7, wani 13, wani 9, kusan duka dai tsakanin 5 da 15. A nan malam ya dakata ya tambayi wanda ya samu 7 ko ya yi kuskure. Bai yi ba. Jaka ɗaya ce, hanya ɗaya ce, amsa ce ta bambanta. Da shi kaɗai ya ɗiba, da ya rubuta rahoto cewa kashi 28 ne ja, kuma babu wanda zai kama shi da ƙarya.

Sai a maimaita da ƙwaya 100. Yanzu amsoshin za su matso kusa da juna, mafi yawa tsakanin 30 da 50. An ninka aiki sau huɗu, amma rabin tangarɗar kawai aka rage. Ƙa'idar ke nan, kuma akwai hanyar kintace mai sauƙi: samfurin mutum 100 yana iya kauce wa gaskiya da kusan maki 10 cikin 100 sama ko ƙasa, na 400 da maki 5, na 1,600 da maki biyu da rabi. Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne yawan jama'ar garin kusan bai shiga lissafin ba. Mutum 400 da aka zaɓa ta ƙuri'a a Abuja da 400 a Bukuru daidaiton amsarsu kusan ɗaya ne.

Wannan lissafi yana aiki ne kawai idan an girgiza jakar. Wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a kasuwar Farin Gada ta Jos ya san na sama ba ya ba da labarin na ƙasa, ko da ya duba guda ɗari. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce ɗan takara Alf Landon ne zai ci zaɓen shugaban ƙasa. Amma abokin karawarsa, Franklin Roosevelt, shi ya lashe jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga littafin masu wayar tarho da rajistar masu mota aka ɗauko su, kuma waɗanda suka ga dama ne suka maido da amsa. Ɗalibinmu da ya tura tambayoyin bincikensa zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, sannan ya rubuta “ra'ayin matasan Jos”, rami ɗaya ya faɗa.

Mataki na biyu: rabon gwaji

A ce wani ɗalibin aikin gona yana son gwada sabon taki a kan dankalin turawa, a gonar kawunsa da ke wajen Bokkos. Yana da fangali 20. Idan aka bar shi da kawun, abin da zai faru sananne ne. Kawu zai ce, “Ɗana, zuba sabon a na bakin rafi, can ƙasa ta fi ƙarfi, kada a yi asarar kuɗi.” Shawara ce mai kyau ga manomi, amma ta kashe gwajin, domin in amfani ya yi kyau ba a san ko takin ne ko rafin ba.

Ga yadda ake yi. A ba kowane fangali lamba daga 1 zuwa 20, a kafa alama. A yanka takardu 20 masu girma ɗaya, a rubuta lambobin, a naɗe su naɗi iri ɗaya, a zuba a hula. Wani wanda bai san gonar ba ya zaro 10: su ne na sabon taki, saura na tsoho. Mai kwamfuta zai iya jera lambobin a Excel, ya sa =RAND() a gefen kowace, ya daskarar da abin da ya fito don kada ya sake canzawa, ya jera daga ƙarami zuwa babba, ya ɗauki goman farko.

Sau ɗaya ake jefawa, kuma abin da ya fito shi ne. Mutane da yawa a nan suke zamewa: sai ƙuri'a ta fito, mutum ya ga rabon bai yi masa daɗi ba, ya ce a sake. Da ka sake, hannunka ya dawo ciki. Idan kana tsoron ƙuri'a ta tara duk na bakin rafi a ɓangare ɗaya, maganin tun kafin jefawa ake yin sa. Haɗa fangalin bibbiyu, masu kama da juna, na rafi da na rafi, na tudu da na tudu, sannan ka jefa kwabo a kan kowane biyu. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ya yi aiki a kan wannan dabara a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin shekarun 1920, watau a gona aka haifi abin, daga baya likitoci suka ɗauka. A gwajin maganin tarin fuka na 1948 a Birtaniya, an rufe rabon marasa lafiya cikin ambulan, yadda likitan da ke karɓar majinyaci ba zai san ɓangaren da zai faɗa ba sai bayan an shigar da shi.

Ban ruwa, noma, feshi da ranar haƙa duka su zama ɗaya. In da hali, mai auna dankalin kada ya san wane fangali ne ya samu wane taki.

Mataki na uku: tambayi sa'a abin da za ta iya yi ita kaɗai

Wannan shi ne wurin da na fi so malamai su daɗe a kai, don shi ake yawan tsallakewa a tafi kai tsaye ga haddar dabarun lissafi. A ce an haƙa, matsakaicin na sabon taki ya zama kilo 23, na tsoho 21. Bambancin kilo 2. Takin ne? Ka tuna ko da taki ɗaya aka zuba wa duka 20, ɓangarorin biyu ba za su fito daidai ba, don akwai fangalin da ya fi wani tun asali.

Sai a rubuta nauyin kowane fangali a takarda guda, takardu 20. A ɗauka cewa takin bai yi komai ba. A cakuɗa, a raba gida biyu goma-goma a canki-canka, a fitar da matsakaicin kowane gida, a rubuta bambancin a allo. Hanyoyin raba 20 zuwa goma-goma sun kai 184,756, ba za a gama su ba, kuma ba a buƙata. Aji mai ɗalibai 40, kowa ya yi sau uku, an samu 120. Yanzu a ƙirga sau nawa cakuɗa kawai ta ba da kilo 2 ko fiye. Idan sau 30 ne, to sau ɗaya cikin huɗu sa'a na yin haka, babu hujjar da za a kai wa kawu ya canza taki. Idan sau 3 ne kacal, zance ya sauya. An saba sa iyaka a kan 5 cikin 100, watau in cakuɗa kawai ta ba da bambancin ƙasa da sau 5 cikin 100 a ce ba sa'a ba ce, amma al'ada ce ta masu fannin, kashi 6 da kashi 4 ba su da nisa da juna yadda wasu ke nunawa. Wanda ya yi rabon bibbiyu kuwa, cakuɗarsa ma cikin kowane biyun zai yi ta, da kwabo.

Wajen rubuta rahoto, ɗalibin ya faɗi yadda ya jefa ƙuri'a, fangali nawa, da ko akwai wanda ya lalace aka cire. Ya kuma tsaya iyakar abin da ya gwada. Rabon ƙuri'a ya ba shi damar cewa takin ne ya jawo bambancin a wannan gona, a wannan kaka. Bai ba shi damar magana a kan gonakin Mangu ko Barkin Ladi ba, domin gonar kawunsa ba ƙuri'a ce ta zaɓo ta daga cikin gonakin Filato ba. In yana son ya kai can, sai ya fara da jerin gonakin yankin, ya ɗebi samfuri daga ciki, sannan ya raba taki a kowace gona.