Yadda na gyara matsalar maɓallin rimot a wasan Android TV

Kwana uku ina fama da wani ɗan wasan tsalle da nake haɗawa don Android TV. A kwamfuta komai lafiya lau. Da na ɗora shi a talabijin ɗin falo, ƙanena ya danne OK bai saki ba, sai ɗan yaron cikin wasan ya dinga tsalle ba ƙaƙƙautawa kamar an zuba masa ƙaiƙayi.

Da farko batirin rimot na zarga, har na sayo sabo. Ashe laifina ne. Muddin yatsa na kan maɓalli, Android zai yi ta kiran onKeyDown, wato ɓangaren manhajata da ke karɓar labarin an danna maɓalli, ni kuma kowane kira na ɗauke shi sabon danni. Da na leƙa Logcat, inda Android ke rubuta abin da ke faruwa a cikin manhaja, sai ga getRepeatCount(), mai ƙirga sau nawa dannin ya maimaitu, yana ta hawa: 0, 1, 2, 3. Sai na ce kada a yi tsalle sai in lambar 0 ce. Tafiya hagu da dama kuwa na sa alama, tana kunnuwa a onKeyDown, ta mutu a onKeyUp, wato idan an saki maɓallin, wasan yana duba ta da kansa.

Akwai kuma wani tsohon rimot da OK ɗinsa ya ƙi aiki sam. Shi lamba 66 yake turowa, wato KEYCODE_ENTER, alhali ni 23 kaɗai nake jira, KEYCODE_DPAD_CENTER. Na haɗe su wuri ɗaya, na ƙara 96, lambar maɓallin A, saboda masu abin buga wasa na hannu.

Maɓallin komawa baya ban taɓa shi ba, na bar wa Android kayansa.