Yadda Za Ka Kammala Aiki Idan Wa'adi Ya Ƙarato

An sha tambaya: saura kwana biyu a miƙa aiki, ba a taɓa komai ba, ta ina za a fara? Ƙurewar lokaci tana tattara hankali wuri ɗaya, amma ba ta barin sararin gyara. Ga matakan:

1. Rubuta ranar miƙa aikin da ƙarfe nawa ne.

2. Jawo wa'adin baya da awa uku, wannan ne naka.

3. Raba aikin kashi-kashi, kada kowanne ya wuce minti 30.

4. Ƙara rabin lokacin da ka ƙiyasta wa kowane kashi.

Hattara: a nan aka fi yin kuskure. Mutum yakan lissafa lokacin zama kan aikin kawai, ya manta da neman bayani da jiran amsa.

5. Tura duk abin da yake buƙatar hannun wani tun yanzu, domin ba kai ke iko da lokacinsa ba.

6. Kai wayarka wani ɗaki. Kifa ta a kan tebur bai isa ba.

7. Saita agogo: minti 25 aiki, minti 5 hutu.

8. Kai aikin har ƙarshe ba tare da tsayawa gyara ba, ko da bai yi kyau ba.

9. Kwanta ka yi barci.

Hattara: wanda ya kwana ido biyu ba ya ganin kuskurensa.

10. Duba aikin da safe, ka gyara manyan kurakurai tukuna.

11. Miƙa shi a wa'adinka na mataki na 2. Intanet kan yanke, fayil kan ƙi hawa, awa ukun nan don su aka ware.