Yadda Ake Zaɓen Inji da Abin Tuƙi ga Ƙaramin Jirgin Ruwa

Wanda zai sayi injin da ake ɗaurawa a bayan jirgin ruwa, ko na kamun kifi ne ko na jigilar mutane da kaya, ya kamata ya fara da auna jirginsa kafin ya tambayi farashi. Tsawon jirgin, nauyin da yake ɗauka idan an cika shi, da irin ruwan da zai riƙa bi, su ne ke nuna injin da ya dace.

Ana auna ƙarfin inji da ma'aunin da ake kira ƙarfin doki. A kogin Neja wajen Yawuri da tafkin Kainji, haka ma a tafkin Chadi, an saba da injinan Yamaha masu doki 15, 25 da 40. Mai doki 15 ya ishi kwale-kwalen masunci, kuma da yake nauyinsa wajen kilo 40 ne kawai, ana iya cire shi a kai gida idan an tashi aiki. Mai doki 40 kuwa ya kai wajen kilo 70, don haka sai babban jirgi mai katakon baya mai ƙwari. Inji da ya fi ƙarfin jirgi yana danne bayansa har ruwa ya riƙa kwararowa ciki idan an rage gudu, wanda ya gaza kuma yakan kasa haura ruwa lokacin da kogi ya kawo.

Abin da masu saye suka fi yin sakaci da shi shi ne tsawon ƙafar inji, wato sashen da ke sauka cikin ruwa ɗauke da farfela, alhali kuskure a nan yana lalata komai. A ɗauki awo daga saman katakon baya, inda za a ɗaure injin, zuwa ƙasan jirgin. Idan awon ya tsaya a wajen inci 15, gajeriyar ƙafa ake buƙata. Idan ya kai inci 20, sai doguwa. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela, kuma idan an ɗaura injin daidai, wannan ƙarfe zai yi kafaɗa da ƙasan jirgin. Ƙafar da ta yi gajarta tana sa farfela ta riƙa kamo iska, inji ya yi ta ƙara jirgi bai tafi ba, kuma ruwan da ke sanyaya shi ya yanke. Wadda ta yi tsawo tana cin mai, tana kuma bugun yashi da kututturan itatuwa, waɗanda suke da yawa a ƙarƙashin Kainji tun da madatsar ta cinye dazukan wurin a 1968.

Injinan iri biyu ne. Akwai wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, galibi rabin lita na baƙin mai a lita 25 ta fetur, amma a bi abin da littafinsa ya ce domin sabon inji yakan buƙaci ƙari. Ba shi da nauyi kuma gyaransa da sauƙi. Ɗayan yana da rumbun baƙin mai daban kamar mota, ya fi tattalin fetur, ba ya hayaƙi sosai, sai dai ya fi tsada da nauyi. A ganina, abin da zai raba gardama shi ne bakanike: a sayi injin da mai gyara na kusa ya sani, wanda ake samun filoginsa da farfelarsa a kasuwar garin.

Batun tuƙi bai kamata ya zama na ado ba. Ga yawancin ƙananan jirage, sandar da ke jikin injin ta wadatar, domin da hannu ɗaya ake juya jirgi ana ƙara wuta, kuma direba yana kusa da injin idan kainuwa ko tsohuwar koma ta naɗe farfela. Aibinta shi ne mai tuƙi yana zaune can baya, kaya da fasinjoji na iya tare masa gaba. Idan jirgin dogo ne ko kuma tafiyar mai nisa ce, sitiyari mai kebul ya fi, muddin injin yana da wurin haɗa shi, kuma dole a sayi akwatin giya da totur tare. A auna hanyar da kebul zai bi daga sitiyari zuwa inji, kada a lanƙwasa shi da yawa, a riƙa shafa masa giris don kada ya cije. Sitiyari mai aiki da matsin mai na manyan injina ne, wajen doki 150 zuwa sama.

Idan tsohon inji ne, kada a biya sai an tayar da shi a cikin ruwa an ga wani siririn ruwa yana tsartuwa daga gefensa, alamar famfon sanyaya yana aiki. A kwance notin da ke ƙasan ƙafar injin a duba man giya. Idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. A kuma tabbatar igiyar kashe inji tana nan, wadda direba ke ɗaurawa a hannu domin injin ya mutu nan take idan ya faɗa ruwa.