Yadda za ka mayar da FreeBSD kwamfutar aikin yau da kullum

FreeBSD tsarin sarrafa kwamfuta ne kamar Linux ko Windows, ya fito a 1993, kuma a kan manyan sabar aka fi saninsa. Shi ya sa idan ka gama girka shi, baƙin allo kawai zai tarbe ka, babu taga, babu linzami. Sauran ginin naka ne. Amma kafin komai, ka duba katin hoto da katin Wi-Fi na kwamfutarka, domin su biyun nan ne suka fi ba da wahala. Katin hoto na Intel ya fi sauƙin sha'ani.

Lokacin girkawa ka zaɓi ZFS, wato tsarin ajiye fayiloli a kan faifai, sannan ka saka sunanka a rukunin wheel don ka iya zama root, wato mai cikakken iko a kan tsarin, da umarnin su. Da ka shiga, sai ka zama root, ka jawo kayan aiki:

pkg install xorg drm-kmod xfce lightdm lightdm-gtk-greeter firefox

Xfce, wanda shi ne zai ba ka tagogi da teburin aiki, ba shi da nauyi, tsohuwar laftof ma za ta ɗauke shi. Yanzu ka faɗa wa tsarin direban da zai loda idan ya tashi. Mai Intel ya rubuta sysrc kld_list+=i915kms, mai AMD kuma ya sa amdgpu a madadinsa. Sai pw groupmod video -m sunanka. Mutane da yawa suna tsallake wannan, daga baya su ga tagogi suna jan ƙafa, alhali izinin taɓa katin hoton ne ba su da shi. Ka ƙarasa da sysrc dbus_enable=YES da sysrc lightdm_enable=YES, ka sake kunna na'urar.

Ga inda ya kamata ka natsu. Direban katin hoto na drm-kmod yana aiki ne a cikin kernel, wato zuciyar tsarin, don haka dole ya dace da ainihin sigar da kake kai. Idan ka ɗaga tsarin zuwa sabuwar ƙaramar siga, wanda pkg ya ba ka yana iya zama na tsohuwar, sai allo ya yi baƙi ko na'urar ta tsaya cak tana tashi. Maganinsa shi ne ka gina direban daga ports, wato tarin da FreeBSD ke da shi na gina manhajoji daga tushensu, a kan kwamfutarka. Kuma kafin kowane freebsd-update, wato umarnin sabunta tsarin, ka rubuta bectl create kafin-sabuntawa. Wannan yana ajiye tsarin yadda yake cikin ɗan lokaci kaɗan, idan abu ya lalace sai ka zaɓe shi daga jerin da ke fitowa lokacin tashi. Da ZFS bectl ke aiki, don wannan kaɗai ma ya cancanci a zaɓe shi.

Wi-Fi kuwa, sysctl net.wlan.devices zai nuna maka sunan katinka. Idan iwm0 ne, ka saka wlans_iwm0="wlan0" da ifconfig_wlan0="WPA DHCP" a /etc/rc.conf, sunan hanyar da kalmar sirrinta kuma su shiga /etc/wpa_supplicant.conf. Idan umarnin bai nuna komai ba, babu direba ke nan. Ka haɗa igiyar intanet ko ka nemi ɗan katin USB da tsarin ya sani.

Idan sauti ya ƙi fita, galibi ta HDMI yake bi. Ka duba cat /dev/sndstat, ka ga lambar lasifikarka, ka rubuta sysctl hw.snd.default_unit=1 ko lambar da ta dace, sannan ka ajiye layin, ban da kalmar sysctl ta farko, a /etc/sysctl.conf don kada ya ɓace. A laftof ka ƙara sysrc powerd_enable=YES saboda batir.

Shafukan fina-finai masu buƙatar Widevine, manhajar da ke kare bidiyo daga kwafa, ba sa buɗewa a Firefox na FreeBSD. Mai buƙatarsu sai ya rubuta sysrc linux_enable=YES ya girka burauzar Linux a kai.